Ranar da Kawu Injiniya Ya Gyara Menu

A tashar manyan motocin nan babu wanda ya san ranar da aka naɗa shi injiniya, don shi ya naɗa kansa. Aikin da kamfani ya ɗauke shi a kai bai wuce canza ƙwan fitila da ɗaure wayar da ta kwance ba. Amma in tsautsayi ya zaunar da kai kusa da shi a bencin mai shayi, kafin shayinka ya huce ka ji yadda ya taɓa tayar da injin jirgin ruwa da cokali. Testa uku yake jerawa a aljihun gaban riga, biyu daga ciki ba sa kawo wuta.

Mutum ɗaya ce a tashar ke kiransa Kawu da gaske, ita ce Auta, 'yar yayarsa, mai sayar da tikiti. Shekara biyu yarinyar nan ta yi tana yawo da takardu daga wannan ofis zuwa wancan kafin ta samu aikin, shi ma na gwaji ne, wata uku. Ranar da muke magana ita ce ta ƙarshe. Manaja ya ce da rana zai sa hannu a takardarta ta zama ma'aikaciya sosai, in dai ba a samu wata matsala ba. Doka ɗaya ya gindaya mata tun ranar farko: ɗakin tikiti nata ne ita kaɗai, kada kowa ya taɓa kwamfutar.

To, da safen nan Auta ta kunna kwamfuta ta tarar ta sabunta kanta ba tare da ta yi shawara da kowa ba. Ta buɗe menu, wato jerin nan da ke gefen allo inda ake danna sunan kowace manhaja, sai ta ga duk sun koɗe sun yi toka-toka. Ta danna Tikiti, aka ce ba a samo ba. Ta danna Jerin Fasinja, ba a samo ba. Firinta ma haka. Cikin goma sha biyu, ɗaya ce tak ta rage da launinta, wato Sanarwa, wadda ke sakin muryar da aka naɗa ta lasifikokin da ke kan turaku a filin tasha.

Ta buga wa ma'aikacin kamfanin manhajar waya, ya ce zai iso ƙarfe biyu, kada a taɓa komai. Manaja kuwa ya tafi gareji duba wata mota. Auta ba ta tsaya kuka ba, ta jawo tsohon littafin tikiti na hannu ta kama rubutu.

Ana cikin haka sai ga Kawu Injiniya da tsani a kafaɗa, wai ya zo canza ƙwan fitilar ɗakin. Ya leƙa allo ta saman kanta, ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Wannan ne ya sa kika koma zamanin biro?"

"Kawu, don Allah kada ka taɓa. Mai gyara na zuwa."

"Mai gyara! Yaran nan da suka yi kwas ɗin sati biyu? Ke, ina gyara irin wannan tun kwamfuta tana da ƙeya."

"Na sani, Kawu. Amma ka bari."

"Ciwon ma a fili yake. Jijiya ce ta tsinke."

"Kawu, yau ce ranar takardata. Ka rufa mini asiri, ka canza ƙwanka ka tafi."

Ya dafa ƙirji kamar wanda aka zaga. "Ni zan tona miki asiri? Ni da uwarki ta damƙa mini amanarki? Je ki yi aikinki, ko kallonta ba zan yi ba."

Layi ya riga ya yi tsawo, direban mota ta ɗaya kuma yana ta danna ham. Auta ta ga in ta ci gaba da miƙa tikiti ta 'yar tagar nan ba za a gama ba, sai ta ɗauki littafinta ta fita fili don ta riƙa rubutawa a bakin mota. A bakin ƙofa ta juyo ta sake cewa, "Kawu, ƙwan kawai." Ya ɗaga mata hannu yana kan tsani, fuskar nan kamar ta waliyyi.

Ko matakala ta uku bai kai ba ya sauko.

A ransa ya riga ya ga yadda abin zai kasance. Manaja zai dawo ya tarar komai na aiki, ya tambayi wa ya yi, a nuna shi. A sallami yaron kamfani tun daga bakin get. A ba shi ofis da kujera mai juyawa, Auta kuma ta riƙa faɗa wa 'ya'yanta cewa kawunta ne ya ceci aikinta. Irin wannan abu kuwa ba a yin sa babu shaidu, don haka ya leƙa ya yafito mai shayi da wani dattijon ɗan dako da ke hutawa a kan baronsa. Suna shiga ya murza makulli ta ciki, ya ce kada a dami mai aiki. Ya kuma kunna fankar ɗakin, wadda shi ya gyara ta bara, tun daga lokacin take ƙara kamar injin niƙa.

"Ku zauna ku ga ilimi," in ji shi.

Ya fara da kashe kwamfutar ya kunna, bai ga canji ba. Ya cire maus ya hura masa iska ya mayar. Ya ƙwanƙwasa gefen allo da testa, ya kara kunne.

"Me ta ce?" in ji ɗan dako.

"Tana tunani."

"Injiniya, ruwana na kan wuta fa," in ji mai shayi.

"Ka bar ruwa ya tafasa, yau tarihi ake yi."

Can cikin lalube, yatsansa ya zame ya danna ɗaya ɓangaren maus, sai ga wani ɗan akwati ya buɗe a kan Tikiti. A ciki akwai suna, akwai ɗan hoto, sannan ga wani dogon layi na haruffa da sanduna. Ya buɗe na Firinta, shi ma da nasa layin. Ya buɗe na Sanarwa, mai lafiyar, ya ga nata layin daban yake. Nan take ya miƙe tsaye ya tafa hannu.

"Na kama ɓarawon! Kun ga wannan layin? Shi ne jijiyar. Na waɗannan sun ruɓe, na wannan ne mai rai. Sai mu ɗebi mai rai mu dasa wa sauran."

Gaskiyar maganar, layin nan adireshi ne kawai, shi ke nuna wa kwamfuta inda kowace manhaja take zaune. Sabuntawar da aka yi ta sa manhajoji sha ɗaya sun tashi sun koma sabon gida, adireshinsu kuwa bai canza ba. Abin da Kawu ya yi shi ne ya goge adireshin kowa da kowa, ya rubuta musu na maƙwabciyar da ba ta tashi ba. Da yatsa ɗaya ya yi aikin, harshe a waje, yana gogewa yana liƙawa, har ya gama da sha ɗayan. Ko ɗaya bai kwafe a takarda ba kafin ya goge.

Abin mamaki, sai ga launi ya dawo wa menu gaba ɗaya.

"Kai!" in ji ɗan dako. "Ashe dai da gaske ne!"

"Da wasa ka ɗauka? Mai shayi, ka shaida. Minti nawa?"

"Ban duba ba."

"Ka ce biyar."

Ya gyara zama, ya danna Tikiti da ƙasaita. Allo bai nuna komai ba. Ya sake dannawa. Shiru.

"Sai ta yi zafi," ya ce. "Sabon dashe ne."

Abin da bai sani ba, ita manhajar sanarwa ɗabi'arta ke nan: in aka danna ta ba a zaɓi komai ba, sai ta saki sanarwa ta gaba a jerinta ba tare da ta nuna komai a allo ba. In an danna sau goma, ta jera goma, ta yi ta sakinsu ɗaya bayan ɗaya. Yanzu kuwa duk abin da ka taɓa a menu ɗin nan, ita ka taɓa. Ga gilashin ɗakin mai kauri, ga fanka na niƙa, don haka su ukun babu abin da suke ji.

A fili, Auta na tsaka da rubuta tikiti na arba'in da wani abu sai muryar matar nan mai sanyi ta sauko daga turaku: "Fasinjojin mota ta uku, motarku za ta tashi yanzu." Mota ta uku kuwa tana kan jak, an cire mata taya biyu. Mutane suka kwasa da gudu da jakunkuna. Bakaniken da ke kwance a ƙarƙashinta ya fito da rarrafe yana salati.

Ba su gama hawa ba muryar ta ce, "Fasinjojin mota ta uku, a koma mota ta ɗaya." Suka sauko suka yi kan mota ta ɗaya, wadda ta riga ta cika. Direbanta, wani dogo mai saurin fushi, ya tare ƙofa da hannu biyu.

"Ina za ku? A kaina za ku zauna?"

"Lasifika ce ta ce!"

"To lasifikar ta ja ku!"

"Muna ba da haƙuri," in ji muryar, "an soke tafiyar mota ta ɗaya."

Na ciki suka fara turowa waje, na waje suna turawa ciki. Wani mai katifa a ka ya maƙale a tsakiya, ba gaba ba baya. Auta ta ɗaga kai ta dubi turken, ta dubi ɗakin tikiti, ta kama kutsawa cikin jama'a ta nufi can.

A ciki kuwa Kawu ya gaji da Tikiti ya koma kan Firinta. Ya danna sau biyar. Ya koma Jerin Fasinja ya ba shi bakwai. Ya bi menu tun daga sama har ƙasa yana dannawa bibbiyu, wai yana zagaya jini.

"Injiniya," in ji mai shayi da ke leƙen gilashi, "mutane fa na gudu."

"Labari ya kai musu an gyara. Layi suke rige-rigen kamawa."

"Wancan ai daga banɗaki ya fito, riƙe da wando."

"Ka ga amfanin aiki mai kyau ke nan."

Auta ta iso ta murɗa ƙofa ta ji ta gam. Ta shiga bugun gilashi da tafin hannu tana magana, bakinta na motsi, ba a jin komai. Kawu ya washe baki ya ɗaga mata babban yatsa, ya juyo da allon ya nuna mata launukan. Don ta ƙara gamsuwa, ya danna Tikiti sau uku a gabanta.

"Mai jaka baƙa," in ji muryar a waje, "ya zo ya ɗauki jakarsa, ko a fitar da ita." Kusan rabin tashar baƙar jaka gare su. Aka yi ca a kan tulin kaya, kowa na jan wadda ya ga ta yi kama da tasa. Wata tsohuwa mai sanda ta zauna daram a kan jakunkuna uku ta ce duk wanda ya matso sai ta fasa masa gwiwa, alhali tata jakar ja ce.

Sannan aka zo kan wadda ke ƙasan jerin, wadda tun da aka naɗe ta ba a taɓa saki ba. "A kwantar da hankali," in ji matar, da muryarta mai daɗi. "Gobara ta tashi. Kowa ya fita ta ƙofa mafi kusa."

Babu wanda ya kwantar da hankali. Direbobi suka yi tsalle suka tayar da motoci don su fitar da su, biyu suka haɗu a bakin get suka toshe shi, kowa na cewa ɗan'uwansa ya ja baya. Masu gadi suka zo da bokitan yashi suna tambayar ina wutar. Wani ya hango tururi na tashi daga rumfar shayi, inda butar nan ta gaji da tafasa, ai kuwa aka juye mata bokiti uku.

"Rumfata!" Mai shayi ya yi kururuwa ya yi kan ƙofa. "Injiniya, buɗe! Ba layi suke bi ba!"

Sai a lokacin Kawu ya fara shan jinin jikinsa. Ya ga wani abu a menu an rubuta Tsayar da Sanarwa, ya ce bari dai ya gwada, ya danna shi sau huɗu. Shi ma ai ya yi masa dashe. Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya fizge wayar da hannunsa ya fara kaiwa gare ta, don ya kashe kwamfutar baki ɗaya.

Fanka ce ta tsaya.

Ɗakin ya yi tsit, kuma a karon farko muryar ta ratso gilashi ta iske shi har ƙarƙashin tebur: "Fasinjojin mota ta uku, motarku za ta tashi yanzu." Jerin ya ƙare ya sake ɗaukowa daga farko.

"Wace ce wannan?" ya tambaya a hankali.

"Dashenka ne," in ji ɗan dako.

Mai shayi ya murza makulli ya fita a guje. Auta ta shigo ta zagaya bayan kwamfutar ta zare siririyar wayar da ke kai murya ga lasifika. Matar ta yi shiru a tsakiyar kalma. Kawu na fitowa daga ƙarƙashin tebur da yanar gizo a hula, sai ga Manaja a bakin ƙofa. A ƙafa ya shigo tashar, don motarsa ba ta samu hanya ba, takalminsa duk yashi. Bayansa kuwa jama'a ne maƙil, da direbobi da fasinjoji da mai katifa.

"Wa ya taɓa kwamfutar nan?"

Kawu ya gyara murya. "Ranka ya daɗe, ai ita sabuntawa, in ta shiga jijiyar..."

"Ba da kai nake ba. Ke nake tambaya. Ɗakin wa ne?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Me na ce miki ranar farko?"

"Kada kowa ya taɓa."

"To wa ya taɓa?"

Auta ta dubi ƙasa. "Ni na fita na bar ɗakin a buɗe. Laifina ne."

Ko kallon inda kawunta yake ba ta yi ba. Manaja ya zaro takardar nan daga cikin fayil, ya ninke ta biyu ya cusa a aljihu, ya miƙa hannu. "Ba ni makullan."

Kawu ya ga yarinyar tana ƙoƙarin ciro makullai daga zobe, ta kasa, ta sake gwadawa. Shekara biyu na yawo da takardu, da wata uku na zuwa tun kafin kowa, ga su nan za ta miƙa saboda kada a ci mutuncinsa a gaban mutane. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, har ya ji hular kansa ta yi masa nauyi.

"Ranka ya daɗe, dakata," ya ce. "Ni ne."

"Kai ne me?"

"Ni na taɓa. Sau uku ta ce in bari. Na yi mata alkawari, tana fita na kulle ƙofa."

"Ba ni za ka gaya wa ba," in ji Manaja, ya matsa gefe ya nuna taron. "Ga waɗanda ka yi wa gobara."

Kawu ya fito bakin ƙofa. Idanu sun fi ɗari a kansa, cikinsu har da na duk wanda ya taɓa zama ya saurari labaransa.

"Jama'a, ku yi haƙuri. Babu ruwan yarinyar nan. Ni ne na yi karambani." Ya numfasa. "Ban iya kwamfuta ba."

"Me ya ce?" in ji tsohuwa mai sanda, ta kara hannu a kunne.

"Na ce ban iya ba, Iya."

"Ɗaga murya, ɗan nan, kunnen ya tsufa."

"Ban iya ba!"

"Bai biya ba?"

"Ban iya kwamfuta ba! Ban taɓa iyawa ba! Ko kunna ta sai na leƙi yadda ake yi!"

"To ai da ka faɗa tun da safe," in ji tsohuwa.

Dogon direban nan ne ya fara fashewa da dariya, sai taron duk ya ɗauka, har mai shayi da ke kakkaɓe yashi daga butarsa. Kawu ya tsaya ya sha ta tas.

Manaja bai yi dariya ba. Ya karɓi littafin tikiti daga hannun Auta ya shiga buɗawa, shafi bayan shafi, yana duba lambar kujera da ta mota. Ya kai ƙarshe ya sake dawowa farko.

"Duk da hannu kika rubuta waɗannan?"

"E, ranka ya daɗe."

"Babu kujerar da kika ba mutum biyu. Da wannan za a mayar da kowa mazauninsa." Ya miƙa mata littafin. "Menu ɗin kuma, da kanki za ki zauna da mai gyara ki mayar da layukan nan ɗaya bayan ɗaya, ki koya. Mayar da makullanki aljihu. Gobe in kawunki ya zo canza ƙwai, ki ce masa kin fi son duhu."

Ya zaro takardar ya warware ta, ya ciro biro, ya waiga neman inda zai ɗora. Jama'a sun cika ƙofa, babu hanyar komawa tebur.

"Injiniya, juyo bayanka."

Kawu ya juya ya duƙa, ya dafa gwiwoyinsa. Ya ji an shimfiɗa takarda a tsakiyar bayansa, ya ji tsinin biro.

"Kada ka motsa," in ji Manaja.

"Wannan kam na iya, ranka ya daɗe."

Daga inda yake duƙe ba ya ganin fuskar Auta, sai takalmanta da suka yi butu-butu da ƙura. Ya riƙe numfashi, ya ƙame kamar tebur, har biron ya gama tafiya.